KAYAN WASA A AJIN ƘANANAN YARA: DARASI DOMIN MALAMAI, IYAYE DA ƊALIBAI

Gabatarwa

Wata shekara mun kai ziyara wata makarantar firamare a ƙasar Gwaram, muka shiga aji ɗaya. Malamin ajin ya sa yara suka miƙe suka yi mana ƙirga daga 1 har 100 da murya ɗaya, ba wanda ya yi tuntuɓe. Muka yaba musu ƙwarai. Kafin mu fita, sai muka zuba 'ya'yan tsamiya a kan tebur, muka kira wata yarinya muka ce ta ba mu guda 7. Ta dube mu, ta dubi malaminta, sannan ta cika hannu ta miƙo mana. Muka kira yara 10 ɗaya bayan ɗaya, 3 ne kaɗai suka ba mu daidai.

Ba mu ga laifin malamin nan ba, domin haka aka koya mana, haka kuma mu ma muka koyar shekaru da dama. Amma abin ya tsaya mana a rai. Yaran nan sun haddace sunayen lambobi kamar waƙa, ba su san abin da sunayen suke nufi ba. Irinsu ne muke karɓa bayan shekara 6 a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, suna tsoron lissafi kamar dodo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a wannan darasi za mu duba kayan da yaro yake taɓawa da hannunsa yana koyo, dalilin amfani da su, inda za mu same su a Birnin Kudu da Gwaram, da yadda za mu yi aiki da su a aji.

1. Mene ne kayan wasa na koyo?

Duk abin da yaro zai ɗauka, ya juya, ya jera, ya ƙirga, ya gina, ya rushe, ya sake ginawa, shi muke nufi. Hoton bango yana da amfani, amma kallonsa kawai ake yi. Abin da malami ya riƙe a gaban aji yana nunawa shi ma na malami ne. Kayan da muke magana a kai sai sun shiga hannun kowane yaro. Muna kuma maganar yara ne daga shekara 3 zuwa 7, wato 'yan rabin aji da 'yan aji ɗaya da biyu.

2. Me ya sa sai da hannu?

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jean Piaget ya daɗe yana nazarin yadda tunanin yara yake girma. Akwai wani gwajinsa da kowa zai iya yi a tsakar gida. A jera tsakuwa 6 a layi ɗaya, a jera wasu 6 a gabansu, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta. Yaro ɗan shekara 4 zai yarda cewa daidai suke. To, yana kallo, a baza layi ɗaya ya yi tsawo, a sake tambayarsa. Sau da yawa zai ce mai tsawon ya fi yawa. Ba daƙiƙanci ba ne, idonsa ne yake rinjayar tunaninsa a wannan lokaci na rayuwarsa. Sai ya yi ta jerawa yana ƙirgawa da hannunsa sau da yawa, sannan zai gane cewa 6 tana nan 6, ko an baza ko an tara.

Dalili na biyu shi ne yatsu. Kafin yaro ya iya riƙe fensir da kyau, dole tsokar yatsunsa ta yi ƙwari, ido da hannu kuma su saba aiki tare. Murza yumɓu, zura igiya cikin abu mai huji, da tsintar ƙananan abubuwa su ne suke yin wannan aiki. Dalili na uku shi ne harshe. Kalmomi irin su babba da ƙarami, nauyi da sauƙi, sama da ƙasa, cike da rabi, a wurin wasa yaro yake kama su. Na huɗu kuwa hali ne: jiran layi, raba kaya da aboki, da mayar da abu inda aka ɗauko shi.

Akwai kuma shaida daga ƙasar Jamaika. A shekarun 1986 da 1987 wasu masu bincike a birnin Kingston sun ɗauki ƙananan yara na gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar wasu daga cikinsu sau ɗaya kowane mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasa waɗanda aka haɗa da hannu. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo yaran nan sun zama manya. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa abin da suke samu a wurin aiki ya fi na 'yan'uwansu da ba a yi wa wannan ziyara ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Mu lura da kyau, kayan nan ba na kanti ba ne.

3. Ɗan tarihi

A ƙasar Jamus, wani malami mai suna Friedrich Froebel ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya sa mata sunan da yake nufin lambun yara. Ya shirya musu kayan da ya kira kyaututtuka: ƙwallaye masu taushi na zare, da guntayen katako waɗanda yaro zai raba ya sake haɗawa. A Italiya kuma, likita Maria Montessori ta buɗe Gidan Yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a watan Janairu na 1907. Cikin kayanta akwai haruffa masu kaushi waɗanda yaro yake bi da yatsa kafin ya fara rubutu.

A nan gida Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda aka fitar a 1977 ta ce wasa ne babbar hanyar koyar da yaran da ba su shiga firamare ba. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin shirinta, bugun Manufar na 2013 kuma ya sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci wasa a Sashe na 31 a matsayin haƙƙin yaro. A 2024 Majalisar ta keɓe ranar 11 ga Yuni ta zama Ranar Wasa ta Duniya.

Kada wannan ya sa mu zaci baƙon abu ne aka kawo mana. Kakanninmu sun riga Froebel. Yarinyar da take carafke da tsakuwa ƙirga take yi, tana kuma horar da idonta da hannunta. Yaron da ya ƙera motar kara ya auna tsawo, ya daidaita ƙafafu huɗu. Dara tana da gurbi 30, layi 5 na gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera 3. Wannan ai lissafi ne tsantsa. Ga 'yar tsana, ga gare, ga 'yar gala-gala, ga shanun laka. Abin baƙin ciki shi ne, da muka gina aji sai muka bar waɗannan a bakin ƙofa, muka shiga da alli da bulala kaɗai.

Mu mutanen Birnin Kudu muna ma da wata shaida a kan duwatsunmu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu na mutanen da, akwai kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin duwatsun nan masu amo a 1955, daga nan labarinsu ya bazu duniya. Idan aka kai yara suka gani da idonsu, a dawo a ba su yumɓu su ƙera saniya mai dogon ƙaho. An yi darasin tarihi da na fasaha ke nan a rana ɗaya. Sai dai a gargaɗe su kada su taɓa zanen ko su yi rubutu a jikin dutsen, domin kayan tarihi ne na ƙasa baki ɗaya.

4. Abin da ƙasarmu ta tanada mana

Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawowa. Da kaka, bayan an girbe dawa da gero, kara yana nan zube a gonaki. Sillen kara shi ne sandar ƙirga, totuwarsa kuma ita ce abin ƙera mota, gado, kujera da tabarau. Da rani akwai 'ya'yan tsamiya, guntsun kuka, ƙwallon goruba, na dabino da na aduwa. A bakin kogi da fadama akwai yashi, tsakuwa da yumɓu. A gida akwai ƙoƙo, ludayi, fasasshiyar ƙwarya, tsohon faifai da kaba. Wurin tela akwai ƙyallaye, wurin kafinta akwai guntayen katako, wurin mai shago kuma akwai kwali, gwangwani da marafan kwalba. Ranar kasuwar Sara, mai kwando ɗaya zai iya tsinto abin da zai ishi aji guda.

Ƙaro da aka jiƙa, ko sitacin rogo da aka dama, su ne abin liƙi. Don launi kuwa, zoɓo da karan dafi suna ba da ja, gangamau rawaya, gawayi baƙi, farar ƙasa fari, shunin wanki kuma shuɗi.

5. Darussa huɗu da za a iya gwadawa

(a) Lamba da yawanta. A samo marafai ko ƙananan ƙoƙuna 10, a rubuta 1 zuwa 10 a jikinsu, a kuma ɗiga ɗigo daidai da kowace lamba. Yaro ya zuba 'ya'yan tsamiya cikin kowanne, yana taɓa ɗaya yana faɗin suna ɗaya. Kada a fara da duka 10. A tsaya a 5 har sai ta zauna. Bayan haka a ba shi 5 a ce ya raba su gida biyu ta kowace hanya da zai iya: 4 da 1, 3 da 2. Ya fara tarawa da ɗebewa ke nan tun bai ga alamarsu a allo ba.

(b) Goma-goma. Wannan shi ne darasin da muka fi so a kula da shi, domin a nan yawancin ɗalibanmu suka ɓace. A yanka sillen kara tsawon taƙi. Duk sa'ad da yaro ya ƙirga 10, ya ɗaure su da kaba su zama dami ɗaya. Sai 23 ta zama dami 2 da sille 3, 32 kuma dami 3 da sille 2. Wanda ya riƙe su a hannu ba zai ƙara rikita 23 da 32 ba. Yanzu a ce masa ya ɗebe 7 daga 32. Zai ga sille 2 kawai gare shi a sake, ba za su isa ba. Me zai yi? A bar shi ya yi tunani, kada a yi saurin gaya masa. Can za a ga ya kwance dami ɗaya, sillensa sun zama 12, ya cire 7, saura 5, ga kuma dami 2. Amsa 25. Abin nan da muke cewa “mun aro ɗaya”, wanda yara suke haddacewa ba su san wurin wa aka aro ba, kwance dami ne kawai.

(c) Haruffa. A yanka kwali, a zana harafi babba, a shafa ƙaro a kan zanen, a barbaɗa yashi mai laushi, a shanya. Yaro ya bi harafin da yatsa biyu yana faɗin sautinsa, sannan ya zana shi cikin yashin da aka baza a faifai ko tire. In ya yi kuskure, girgizawa ɗaya ta share shi, ba jan biro, ba kunya. Wannan yana taimakon masu rikita b da d ƙwarai. A yi wa ɓ, ɗ da ƙ nasu katin, a sa yaro ya ji lanƙwasar da yatsansa, ya kuma ji bambancin baki da baƙi, da kuma na dari da ɗari, a kunnensa.

(d) Kasuwar aji. A keɓe kusurwa ɗaya, a ajiye yashi a madadin hatsi, da mudu, da gwangwanaye manya da ƙanana, da marafan kwalba a madadin kuɗi. A rataye ƙoƙo biyu a bakin sanda da igiya, an sami ma'auni. Malami ya zo a matsayin mai saye ya yi tambaya: gwangwani nawa ne za su cika mudun nan? Wanne ya fi nauyi, ƙwallon goruba ɗaya ko 'ya'yan tsamiya 10? Su fara yin kintace, sannan su gwada. A bar su su yi ciniki da gaisuwa yadda suke jin manya suna yi, domin a nan bakin mai kunya yake buɗewa.

A kowane darasi a bi matakai uku: abu a hannu tukuna, sannan zanensa, sannan alamarsa a allo. Kuskurenmu na kullum shi ne farawa daga na uku.

6. Hattara

Ba duk abin da yake da kyaun gani ne ya dace da hannun yaro ba. Idon zakara, ɗan jan nan mai baƙin ɗigo, dafi ne mai kisa idan aka tauna. Haka 'ya'yan zurma, na bini-da-zugu da na zaƙami. Ruwan tumfafiya yana cutar da ido. Kada ɗayansu ya shiga aji. Yaran da ba su kai shekara 3 ba kuwa, kada a ba su ƙananan 'ya'yan itace ko marafan kwalba sam, domin baki da hanci da kunne suke kai su. A ba su manya kamar ƙwallon goruba da ƙoƙo.

Ɓawon kara yana yanka kamar reza, saboda haka manya ne za su fere shi. A dandaƙe bakin gwangwani, a zubar da mai tsatsa. Kada a yi amfani da mazubin maganin ƙwari ko na feshin gona ko da an wanke shi, kada kuma a bar yara su fasa tsohon batir. A ɗebo yashi daga wuri mai tsabta, nesa da juji da wurin haƙar ma'adinai. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka yara ɗaruruwa. A ƙarshe, a wanke hannu da sabulu bayan kowane wasa, kafin a ci abinci.

7. Matsaloli uku da muka tarar

Ta farko yawan yara. Malami mai yara 60 ko fiye zai ce wannan duk zancen takarda ne. Gaskiya akwai wuya, amma mun ga an yi. A raba aji rukuni 6, a fita gindin bishiya, kowane rukuni da tabarmarsa da kwandonsa da shugabansa. A fara da minti 20 a rana. Makon farko za a sha hayaniya, mu ma mun sha, har muka kusa fasawa. A kafa doka biyu kawai: ba jifa, kuma kowane kaya ya koma kwandonsa da ƙirga. Tattarawar ma darasi ce.

Ta biyu ajiya. Shekarar da muka fara, mun jingina damman kara a ƙasa muka tafi hutu, muka dawo muka tarar gara ta gama da su, ɓeraye kuma sun yi biki da 'ya'yan itacen. Tun daga nan muke shanya kome ya bushe sarai, mu zuba cikin gwangwani mai murfi tare da ɗan toka, mu rataye sauran a rufi. Akwai kuma wata irin ajiya da ta fi gara ɓarna. Mun taɓa ganin akwatin kayan wasa na kanti a wata makaranta, a kulle cikin ofis shekara da shekaru, don tsoron kada yara su lalata a tambayi shugaba. Kayan da aka haɗa da kara ba su da wannan matsala. In sun karye, gona tana nan.

Ta uku iyaye. Wani uba ya taɓa tare mu ya ce, “Malam, karatu na kawo shi, ba wasan ƙasa ba.” Yana da gaskiyarsa, domin ya biya kuɗi, yana son ganin rubutu a littafi. Ba mu yi musu da shi ba. Muka roƙe shi ya shigo, muka sa ɗansa ya ɗebe 7 daga 32 da damman kara a gabansa. Da kaka sai ga shi ya aiko mana da kara a amalanke. Gani ya kori ji.

8. Aikin da ya rataya a wuyanmu

Ku ɗalibanmu, kusan kowannenku yana da ƙane ko ƙanwa a gida, wasunku kuma gobe ku ne malamai. Muna roƙon kowa, a hutun nan mai zuwa, ya tara 'ya'yan tsamiya 100 da sillen kara 100, ya kuma haɗa katin haruffa 5. Ku gwada su da ƙannenku, ku dawo mana da labari. Abin da aka tara za mu raba wa makarantun firamare na kusa da mu. 'Yan'uwanmu malamai, mu ba da lokacin aikin hannu sau ɗaya a wata domin wannan. Iyayenmu mata, da masu koyar da ƙanana a Makarantar Lahadi, a sa yaro ya ƙirga ludayi, ya ware wake da tsakuwa, ya faɗi launin zane. Ba a bukatar takardar shaida kafin a yi wannan, ba a kuma bukatar ko kwabo. Da yayyafi kogi kan cika.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin haddace lambobi da sanin ƙirga? Ta yaya za ka gwada yaro ka gane?
2. Yi gwajin tsakuwa 6 da yaro ɗan shekara 4 da kuma ɗan shekara 8. Rubuta abin da kowannensu ya faɗa.
3. Nuna da damman kara yadda za a ɗebe 18 daga 41.
4. Kawo wasannin gargajiya 3 na garinku, ka bayyana abin da kowanne yake koya wa yaro.
5. Ambaci abubuwa 5 da bai kamata su shiga ajin ƙananan yara ba, tare da dalili.
6. Da kai ne uban nan ya tare, wace amsa za ka ba shi?